Ƙudajen da ke bin hoto

Aikina na farko a shagon hoton yayana shara ce, kuma na yi ta da ƙwazo. Ya ce in kwashe hotunan kwamfuta in zuba a falash. Sai na ga kowane hoto da wani ɗan mitsitsin fayil manne a gefensa, suna iri ɗaya, in ka buɗe ba ka ganin komai. Na ce ƙudaje ne, na goge su tas, na zauna jiran yabo. Da Yaya ya duba, duk amaren garin Abu Hujar sun yi duhu kamar a cikin tukunya aka ɗauke su. Ashe kyamararsa ɗanyen hoto take ɗauka, gyaran haske da launi kuwa a ɗan fayil ɗin yake kwana. Ya murɗe mini kunne, har yau ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Daga ranar na zama makiyayin ƙudaje. Ba hoton da ke tafiya bai ɗauki nasa ba.

Kakanmu ba ya son hoto, ya ce wanda zai gan shi ya zo gona. Sau ɗaya Yaya ya same shi a hawasharsa, wato gonarsa ta auduga, bakin tur'ar ban ruwa, ya ɗauke shi, rana a bayansa, fuskar baƙi ƙirin. Yaya ya yi ta lallaɓa hasken har zanen kumatunsa ya fito, da ɗan murmushin da yake yi in zai tsokani habboba, kakarmu. Na kwafi hoton da ƙudansa a tsohon falash, na cusa a gwangwanin turaren wutarta, wurin da ko ɓera sai da alwala yake kusanta.

Da damina wutar lantarki ta zo da haukanta ta ƙone kwamfutar. Bayan girbi Allah Ya karɓi ran Kaka. Da aka share makoki habboba ta nemi hoton. Yaya ya samo ɗanyen a katin kyamara, ya ari kwamfuta ya sake gyarawa. Ta duba ta miƙa masa abinsa. Ya sake, ta ce wannan wani ɗan kasuwar Dinder ne, ba mijinta ba.

Na gyara zama, na yi tari irin na manya.

"Habboba, buɗe mana gwangwanin nan."

"Kai ɗan nema, dama kai ke rage mini turare?"

Yaya ya sa falash, hoto ya buɗe da gyaransa, zane da murmushi duk suna nan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Shi ne."

An wanko shi, yana rataye a ɗakinta. Falash ɗin har yanzu ƙamshin sandal yake yi, Yaya kuma bai ba kunnena haƙuri ba.