Sunan da Gwaggo Saveta Ta Rataye a Ƙofa

A bakin direban bas mai kawo saƙo daga Italiya Ilinca ta fara jin sunan. Ya tsaya gaban cocin ƙauyensu da ke yankin Vaslui, rungume da kwali, yana cigiyar mutanen Saveta. Kaka Profira ta karɓa, ta ce wa yarinyar ai gwaggonta ce, ƙanwar babanta. A gida "ta Italiya" kawai ake ce mata.

Da ƙuruciyarta Saveta ta tafi aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, kuma da farko tana son aikin. In ta bugo waya sai ta yi ta labarin tsohon da ta lallaba ya ci tuwon masara da cuku har ya nemi ƙari. Bayan rasuwarsa ta koma gidan wata tsohuwa da tsufa ya rikita, wadda ke kiranta Rosa, sunan 'yarta da ta mutu. Tsohuwar ta zage ta, ta tofa mata magani a fuska, ta buga ƙararrawa ko da Saveta na banɗaki. 'Ya'yan kuwa sai ran Lahadi, su sumbaci uwar, su shafa kabad su ga ko da ƙura.

A nan ta samo dabararta. Da ta zo hutu, suna ɓarar wake, ta gaya wa Ilinca tana dariya.

"Sunana nake cirewa a bakin ƙofa in rataye tare da rigar sanyi. Rosa ake zagi, 'yata, Rosa ke wanke kashi. Ni ina ruwana?"

Kaka Profira ta ce to a gaya wa Rosa ta riƙa aiko da garin kofi mai kyau, don na Saveta sai ka ce ƙasa. Aka yi dariya.

Dabarar ta yi aiki. A gida na gaba Mariya ce, a wani kuma Ana. Matan ƙasarsu kan haɗu a lambu ran hutu, su yi kuka, su zagi iyayen gidansu, su ci biredi. Ita ta daina zuwa, wai Mariya ba ta da damuwa. Tsoho ya mutu a hannunta, ta wanke shi, ta haɗa jakarta.

Ta dawo da furfura, ta zauna bakin taga. A kira Saveta, ko motsi. Amma cokali ya taɓa kofi, sai ta miƙe zumbur kamar an buga mata ƙararrawa. Likitan birni ya ba da ƙwayoyi, ya ce irinta da yawa. Ranar da Kaka Profira ta rasu, Saveta ce ta wanke uwarta tsaf, ido a bushe, sannan ta tambayi Ilinca ina jakarta, wane gida ne na gaba.

Yanzu baban Ilinca ya gano in ya ce "Rosa, ci abinci," tana ci. Yana faɗa da 'yarsa kan taurin kai, don ita za ta tsaya da faranti tana kiran Gwaggo Saveta har miya ta huce, wata rana ma a ɗauke ba a taɓa ba. Ga gwaggon sai rama take.

Ilinca ba ta san ko daidai take yi ba. Abin da ta riƙe shi ne maganar da gwaggon ta yi mata a hutunta na ƙarshe, ƙafa ɗaya a cikin bas.

"In na dawo kika kira ni ban waiwayo ba, kar ki gwada Rosa don ki huta. Nan take zan amsa miki. Ki yi ta kiran nawa."