Ka Kawo Mini Shi

Ni tun farko ba na son tafiyar nan. Mutum ya baro Damagaram ya zo Faransa karatu, a ce kuma hutunsa shi ne ya tafi kallon duwatsu? Amma abokina ba ya jin a'a. Mutumin Tahoua ne, ɗakinsa na kallon nawa a gidan ɗalibai na Villeurbanne, a gefen Lyon, kuma duk tsawon karatunmu tukunya ɗaya muke ci. Da ya gama kare aikin digirinsa gaban malamai aka ce ya ci, sai ya yi hayar wata ƙaramar mota ya zo ya tsaya mini a ƙofa.

"Tashi, ɗan birni," in ji shi. "Duk zamanka ƙasar ga, ba ka san komi ba sai jirgin tram da ɗakin bincike."

Na yi ta mita, amma na shiga. Shi ke tuƙi, don ni takardar tuƙina ta gida ce, kuma ko a gida ba a yaba hannuna.

Muka fara da gandun dajin Écrins, inda duwatsu suke da ƙanƙara a kai ko da rani. Hanya ta yi ta murɗewa har kunnuwana suka toshe. Muka ci burodi da sardin a bakin wani rafi, muka yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana suka riƙa sara. Akwai wata dabba mai kamar gafiya da ke tsayawa bisa dutse tana fito, abokina ya bi ta da waya har ya kusa faɗuwa. Duk inda muka samu rezo, wato sabis ɗin waya, sai ya danna waya ya yi wa innarsa saƙon murya. Ita ba ta riƙe babbar waya, ƙanwarsa ce ke kunna mata. "Inna, ga ni bisa dutsen da ya hi na Adar tsawo, wallahi gajimare ƙarƙashina yake." Washegari amsa ta zo, tsohuwa na faɗan ya sa rigar sanyi.

Daga nan muka gangara kudu, wajen kwazazzabon Verdon. Ciyawa ta ragu, ƙasa ta bushe, duwatsu suka koma fari da ja. Mun tsaya shan esansi, wato man mota, a wani ƙauye, ya shiga kanti, sai wayata ta yi ƙara. Kawunsa ne, ƙanen innarsa, dattijon da ya daɗe a La Courneuve, a gefen Paris, wanda muke zuwa gidansa cin naman salla. Bai taɓa kirana ba. Na fara gaisuwa yadda ya kamata, ya katse ni tun ban kai ga tambayar iyali ba.

"Yana kusa da kai?"

"A'a, Alhaji, yana cikin kanti."

"To saurara. Innarsa ta rasu yau da asuba. Har an kai ta."

Na yi salati. Ya jira na gama.

"Kada ya ji a waya, kada ya ji a hanya, kada ya ji daga bakinka. Na gaya wa ƴan gida kowa ya yi shiru. Ka kawo mini shi."

Na ce to. Ba wani abu ba ne sabo a wurinmu. Ba a jefa wa mutum mutuwar uwa yana tsaye a bakin titi, balle yana riƙe da sitiyari bisa hanyar da gefenta rami ne. Zaunar da shi ake gaban babba, a cikin mutane, a faɗa masa a hankali. Na sha ganin an yi wa wasu haka, ban dai taɓa tunanin mutumin da ake ba aikin rakiya ba.

Abokina ya fito da ƙanƙarar madara guda biyu, ya miƙo mini ɗaya. Na karɓa na shanye tas. Ina jira baƙin ciki ya zo, ko tsoro, ko wani abu, ba abin da ya zo. Kamar dai lokacin da likitan haƙori ya yi maka allura, kana taɓa leɓenka kana jin na wani ne.

Ba a jima ba kawun ya kira shi da kansa, ya ce yana son ganinsa gobe, akwai magana. Abokina ya ajiye waya yana dariya har da dukan sitiyari. Ya ce ai ya san maganar. Tun bara kawu ke yi masa zancen wata yarinya haifaffiyar Paris, mai karatun haɗa magunguna, yanzu da aka ga ya gama shi ne za a tsare shi.

"Mu juya kenan," na ce.

"Mu juya ina? Muna bakin ƙohwa? Sai mun ga kwazazzabon nan, ko sarki ka kira."

Kafin ya tada mota na ce wayata ba caji, ya ba ni tasa in riƙa duba mana hanya. Ya miƙo ba tare da ya kalle ni ba. Tun daga nan wayarsa ba ta bar hannuna ba.

Mutane suna cewa Verdon na da kyau, kuma na yarda da su, don na ga hotunan da muka ɗauka. A ranar dai abin da na gani rami ne mai zurfi, da wani ruwa kore siriri can ƙasa, da ungulaye suna shawagi ƙarƙashin ƙafafunmu. Akwai Turawa da yara, akwai masu igiya suna hawan bangon dutse. Iska mai zafi na tasowa daga ƙasa. Abokina ya kama ƙarfen da aka gitta, ya leƙa, ya ce wannan ai ƙasarsu Adar ce aka zuba wa ruwa. Ni ina tsaye a bayansa, na kama gefen rigarsa da yatsu biyu.

"Mi ne ne? Tsoro kake ji, ɗan birni?"

"E," na ce.

Wayar ta fara motsi a tafina. Kawu ya rufe bakin ƴan gida, amma wa zai rufe bakin Tahoua gaba ɗaya? Wani da suka yi lakkwal, wato makarantar boko, tare ya rubuto ta'aziyya, wani ya biyo, sai ga kira. Na kashe. Ya tambaye ni waye, na ce masu talla ne. Na share abin da ya fito a fuskar wayar, ɗaya bayan ɗaya, ina yi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Sai ya ce in danna masa, zai yi wa Inna magana. Na danna, na kara masa a baki. Ya kwatanta mata ramin, da ungulayen, ya ce in Allah ya yarda zai zo kafin damina ta ƙare, ta ajiye masa kilishi. Sannan ya turo hannuna wajen bakina.

"Gaida ta mana. Kullum sai ta tambaye ka."

Na gaishe ta. Na ce, "Inna, ina wuni, ya gida, ya ƙarfin jiki." Muryata ta fita daidai, ko rawa ba ta yi ba, har na ƙara da cewa ina kula mata da shi. Na tura saƙon, na ga alamar ya isa wayar ƙanwarsa. Daga nan na rufe rezon gaba ɗaya, na bar taswirar kawai.

Muka kwana a wani masauki a gefen hanya, da safe muka kama babban titi zuwa arewa. Yana ta surutu, ina amsawa da e da a'a. Ya ce tunda aka yi zancen aure na zama kurma, ko kishi nake za a raba ni da mai dafa mini miya. Na ce haka ne. Na kalli gonakin inabi, na kalli manyan motoci, na karanta kowane allo da muka wuce. Wani lokaci sai in manta gaba ɗaya, in ji ina tunanin wankin da na bari a ɗaki, sai kuma abin ya dawo ya zauna inda yake.

Da muka iso Lyon ya ce sai ya biya Villeurbanne, ba zai je gaban kawu da wandon hawan dutse ba, wa ya sani ko yarinyar na can. Na zauna a bakin gadonsa ina kallonsa yana guga. Farar shadda ce mai aiki a wuya, wadda ya ɗinko a gida bai taɓa sawa ba. Ya sa hula, ya fesa turare har ɗakin ya cika, ya juya gaban madubi.

"Ya ka gani?"

A nan ne kawai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Ka sa wata mara ado." Ya ce don mi. Na dube shi, na tuna akwai sauran hanya mai tsawo kuma shi ke tuƙi. Na ce, "Za ta yamutse a mota." Ya ce ta yamutse ɗin.

Mun shiga Paris da la'asar, muka maƙale a cunkoson Porte de la Chapelle, masu sayar da taba suna bi tsakanin motoci. Shi yana gyara hula a madubi. A La Courneuve na'urar hawa bene ta lalace kamar kullum, muka bi matakala. Yana gaba yana tsallake biyu biyu, ina baya da wayarsa a aljihu.

A hawan da kawu yake, abokina ya tsaya cak. Takalma ne tun daga bakin ƙofa har kan matakala, na maza da na mata, a ranar aiki. Ƙofar a buɗe take, ba a jin talabijin, ba a jin yara. Ya daɗe yana kallon takalman. Bai waiwayo ba. Ya sunkuya ya cire nasa, ya jera su a gefe, ya yi sallama.

Ban shiga tare da shi ba. Na tsaya a waje na ji muryar kawu ƙasa ƙasa, na ji salatin mutane, ban ji tasa ba. Can kawu ya leƙo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce na riƙe amana, Allah ya yi mini albarka. Na ce amin.

A falo an ture kujeru an shimfiɗa tabarmi. Yana zaune a tsakiya cikin farar shaddarsa, turarensa ya fi na kowa tashi, mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. Na bi layi, don ban san wani wurin da zan tsaya ba. Da aka zo kaina na durƙusa, na ajiye masa wayarsa kusa da gwiwa, na miƙa hannu.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta."

Ya ba ni hannu, idonsa na kan tabarma.

"Amin. An gode da zuwa," in ji shi, ya saki hannuna ya miƙa wa na bayana.