Kwalaben da Habu Ya Bari a Kan Kwano

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai yayana Malam Habu makwancinsa a Kurfi. Ni ba marubuci ba ne, hatsi nake aunawa a kasuwar Dutsin-Ma, kuma da ba don abin da ya faru a gidanmu bana ba, da wannan shekarar ma ta wuce kamar sauran, in yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Shirun nan kuwa shi ne laifina, don haka gara in fara da faɗinsa.

Mu uku mahaifinmu ya bari maza. Babbanmu Malam Lawal, wanda muke ce wa Yaya Malam, shi ya gaji makarantar gida da limancin masallacin unguwa. Sai Habu, sai ni auta. Habu ya sauke Alƙur'ani kamar kowa a gidan, sannan boko ya tafi da shi har ya zama malamin kimiyyar halittu a wata sakandare. Mutum ne mai yawan dariya, maras kula da tufafi. Matarsa takan ce in ka ga rigarsa ba taɓo, to ranar Juma'a ce.

Taɓon nan daga Zobe yake kwaso shi. Kowace bazara, idan ruwa ya ja baya ya bar ƙasa ta tsattsage, sai ya hau babur ya tafi bakin dam ya ɓanɓaro ɓawon taɓon da ya bushe, wanda gansakuka ta mutu a kansa. Ya zuba a ƙananan kwalabe, ya toshe bakinsu, ya jera su a kan kwanon ɗakinsa inda rana ta fi duka. Wasu ya lulluɓe su da ƙasa a ciki, wasu ya bar su tsirara. Kowace kwalba da lambarta, kuma yana da wani littafi da ya zana gidaje-gidaje a ciki, yana cika su da lambobi.

Sau ɗaya ya taɓa nuna mini abin da yake yi. Ya tafasa ruwa ya bari ya huce, ya zuba a faranti biyu, ɗaya da taɓon da ya shekara uku a kan kwano, ɗaya ruwa zalla. Na tambaye shi dalilin tafasawar, ya ce don kada wani ya ce ran daga ruwan ya fito. Bayan 'yan kwanaki farantin taɓon ya yi kore, ɗayan kuwa yana nan fari tas. Ya ce akwai halittun da ido ba ya gani waɗanda rana ba ta gamawa da su, kwanciya kawai suke yi su jira ruwa. Kuma ko sun mutu, launinsu yakan rage a ƙasa ya zama shaida. In haka ne, in ji shi, idan an taɓa yin rai a wata duniya kamar Mars, mai yiwuwa sawunsa na nan a cikin ƙasarta yana jiran mai nema. Na yi masa dariya, na ce mutumin da bai taɓa shiga jirgin sama ba ne yake mini labarin Mars.

To, mu gidan malamai ne, kuma a unguwa irin tamu kwalba a kan rufi fassara ɗaya take da ita. Ƙasar da aka ɗebo daga bakin ruwa aka toshe, ga littafi mai gidaje da lambobi kamar hatimi, me ya rage? Magana ta fara daga bakin katanga, ta je bakin rijiya, ta iso zaure. Yaya Malam ya kira shi har sau biyu. Habu, maimakon ya zauna ya yi bayani dalla-dalla kamar yadda ya yi mini, sai ya mai da abin wasa, ya ce ai aljanun nasa ƙanana ne, ruwan dafaffe kawai suke sha. Wannan barkwancin ya yi masa tsada, domin Yaya Malam ba ya gane wasa ko ranar salla.

Zazzaɓi na kwana huɗu ya ɗauke Habu. Kafin a gama yi masa wanka har an fara raɗa cewa abin da yake kiwo ne ya juyo kansa. Da aka ajiye gawa a ƙofar gida aka yi sahu, kowa ya zuba wa Yaya Malam ido, shi ne liman, shi ne wa. Ya ja da baya, ya ce wa ladan ya shige gaba. Duk wanda ke wurin ya fahimta. Ina tsaye a sahun farko, na san gaskiyar kwalaben nan, na ga farantin da idona, amma ban buɗe baki ba. Tsoro na ji kada a ce ni ma da hannuna a ciki.

Ranar sadakar uku aka sa tsani, kuma ni aka tura in sauko da su. Aka farfasa su a wani tsohon rami aka binne, aka cinna wa littafin wuta. Kwalba ɗaya ce na zura a aljihu, mai lamba goma sha bakwai. Har yau ban san ko ƙauna ce ta sa ba ko kunya. Na kai ta rumfata na cusa a ƙarƙashin kwanon rufi, bayan buhuna, ta zauna nan ana auna gero a ƙasanta shekara da shekaru.

Wadda ta biya bashin shiruna ita ce ɗiyarsa Hauwa'u. Tana 'yar shekara goma sha uku lokacin, ta tashi ana nuna ta da baki ana cewa ɗiyar mai kwalabe. Ta bi sawun ubanta duk da haka, ta yi karatun ƙananan halittu a jami'a, yanzu tana aiki a ɗakin gwaji. Bana da bazara ta zo rumfata da wayarta a hannu, ta karanta mini wani labari tana fassarawa. Wai masana sun ɗauki irin waɗannan halittu busassu, sun cakuɗa wasu da ƙasa mai kama da ta Mars, sun maƙala su a jikin tashar nan da ke kewaya duniya a sararin samaniya, ta waje, inda babu iska babu ruwa, ga ƙunar rana ba mai tarewa, ga sanyi mai tsanani. Fiye da shekara guda suna can. Da aka dawo da su aka duba, alamun rai da ke jikinsu ba su goge duka ba, musamman waɗanda ƙasa ta rufe. Wannan, in ji ta, yana taimaka wa masu aika na'urori Mars su san abin da za su nema da inda za su tona.

Ta ɗago ta ce, “Baba ƙarami, shin ba abin da Babana yake yi bisa kwano ba ke nan?”

Na tashi na ture buhuna na ciro kwalbar na miƙa mata, na gaya mata komai, har da sahun farko. Ban taɓa jin nauyin wani mutum kamar yadda na ji nauyin yarinyar nan a ranar ba. Ba ta zarge ni ba, abin da ya fi zargin ciwo. Cewa kawai ta yi mu tafi Kurfi.

Na sha tambayar kaina me Habu zai ce da ya ga wannan zamani. Na tabbata zai yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ashe kwanon ɗakinsa ƙaramar tashar sararin samaniya ce, tsani kawai ya fi na Turawa araha. Zai yi baƙin cikin yadda hanyar Zobe ta zama sai an tambayi labari kafin a bi ta. Kuma zai ja mana kunne kamar yadda Hauwa'u ta ja mini, cewa har yanzu ba a samu rai a wata duniya ba. Shi ma bai taɓa cewa akwai ba, cewa yake a duba kafin a yanke hukunci.

Yaya Malam ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya saurari Hauwa'u har ta gama bai katse ta ba, sannan na faɗi nawa kaina a ƙasa. Ya ce gani ya kori ji, a gwada a zaurensa. Shi da kansa ya tsaya a kan tukunya har ruwan ya tafasa. Hauwa'u ta jera faranti biyu yadda ubanta yake yi, ɗaya da taɓon kwalbar da na ɓoye, ta rufe su da gilashi, ta ajiye a bakin taga. Mako guda ba abin da ya motsa. Ina rumfa ina auna hatsi ina kuskuren mudu, ina tunanin shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin kwano mai zafi ta yi wa kowace halitta yawa, kuma in taɓon nan bai tashi ba, na ƙara wa sunan Habu ƙasa ne da hannuna.

A kwana na goma sha biyu aka kira ni. Wani siririn kore ya shimfiɗu a kan taɓon, ɗaya farantin kuwa ruwa ne kawai. Yaya Malam ya kai fuskarsa dab, bai gani sosai ba, sai ya sa yatsa ya shafo ya shinshina. Ya ce ƙamshin bakin tafki ne da damina. Ya daɗe yatsan na gaban hancinsa, sannan ya ce, “A kan wanga abu na ƙi yi wa ƙanena salla.”

Washegari da hantsi ya ce in kai shi maƙabarta. Muka yi ta zagaye, damina goma sha ɗaya ta baje tudun, reshen da aka kafa ya daɗe da ruɓewa. Mutane suna can suna neman sawun rai a Mars, mu kuwa mun kasa gane kabarin ɗan'uwanmu a garin da aka haife mu. Yaya Malam ya tsaya a gefen da muke zato, ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu ya yi wa duk na wurin addu'a, hawaye na bin gemunsa.

Littafin ya ƙone, kabarin ya ɓace, sallar da aka ja da baya a kanta ba ta dawowa, ni ma da-na-sani ƙeya ce. Abin da ya rage na Habu shi ne ɗiyarsa, da farantin nan da har yau yake bakin tagar zaure. Yaya Malam ne ke tafasa masa ruwa da hannunsa. Duk baƙon da ya tambaya mene ne wannan, ko bai tambaya ba ma, sai ya ce masa, “Aikin ƙanena ne, Malam Habu. Ka sa shi addu'a.”

Allah Ya jiƙan Habu, Ya yafe mana abin da muka zata da abin da muka ɓoye.