Girshin da Na Hana Tsoho

Shekarata uku a Makka kafin in fara shiga shagon abinci in zauna a benci kamar mai hali. Bayan babban yaƙin Turawa ne da 'yan shekaru. Ta Sudan na zo, rabin tafiyar a ƙafa, na sauke farali, guzurin komawa ya gagara, na zauna ina sayar da ruwa. Garwa biyu a sanda, sanda a kafaɗa, daga wurin ɗibar ruwan unguwa zuwa gidajen da ke can saman duwatsu. Abu ɗaya nake tinƙaho da shi, garwata ba ta taɓa isa ƙofar mutum a rage ba. Wannan tinƙahon ne ya mai da ni alƙalin aikin kowa, kuma alƙali mai saurin fushi.

A unguwar Mansur akwai shagon wani Balarabe mai sayar da ful, wato dafaffen wake da mai, da gurasa da shorba, wato romo mai zafi. Masu kai abinci uku ne a wurin. Biyu Larabawa ne majiya ƙarfi, na ukun wani tsoho ne mutumin ƙasar Sakkwato, dogo, gemu fari fat, wanda ya fi shekara talatin a garin. Mu Baba muke ce masa. Shi aka ba bencin da ke kusa da ƙofa, inda mu Takari, mutanen ƙasashenmu na baƙar fata, muke zama, don shi ke jin yarenmu.

Al'adar shagon ita ce ka biya kuɗin abinci wurin mai shago, sannan ka bar girshi ɗaya, wato kwabon ƙasar, a ƙarƙashin kofin ruwa a kan tire. Wannan shi ne bakshish, tukwicin wanda ya kawo maka abincin. Na san da al'adar. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne masu kai abincin ba su da albashi. Ci sau biyu ne da wurin shimfiɗa tabarma a rufin shagon, sai abin da suka samu a tire. Kuma kowane tire sai ya bi ta gaban mai shago, ya ɗaga kofin ya duba. Da wannan yake gane wanda baƙi ke so. Idan Hajji ya matso, a nan yake zaɓar wanda zai riƙe da wanda zai sallama. Wato cin Baba da makwancinsa duk suna ƙarƙashin kofin nan.

Aikin Baba kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba ya kyau. Ka ce shorba, ya kawo ful. Ka nemi gurasa, ta iso bayan ka lashe kwano. Yana tafiya a hankali yana shafa gefen benci da gwiwa, tire na rawa a hannunsa. Idan ka yi magana ya ce, "Malesh, yi haƙuri ɗiyana, shina zuwa." Ni da nake hawa dutse da garwa biyu ban zubar ba, sai in ji raina yana tafasa.

Ban taɓa bar masa girshi ba. Idan an tambaye ni nakan ce a garinmu yaron da aka aiko shi ake ba tukwici, wa zai miƙa wa sa'ar ubansa kwabo kamar ɗan aike? Ai raini ne. Haka nake faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki, don da yawa daga cikinmu sababbin zuwa kunyar abin suke ji. Amma ni na san ba kunya ce ta hana ni ba. Haushi ne, da ganin bai cancanta ba.

Wata Juma'a na shigo da farar rigata guda ɗaya tilo, wadda na wanke na shanya tun Alhamis. Muna zaune mu biyar, duk 'yan ga-ruwa. Baba ya zo da shorba, gwiwarsa ta bugi benci, kwano ya kife mini a cinya. Zafi bai dame ni ba kamar jan man da ya malale har ƙasan rigar. Ya sunkuya yana goge mini da hannun rigarsa, yana ta ba da haƙuri, yana goge inda babu komai.

Bayan ya koma ciki sai gardama ta tashi a bencin. Wani Bazazzagi, babbanmu a shekaru, ya ce a bar masa girshinsa cikakke, tsautsayi ne. Wani ya ce a ba shi rabi, duk mutum biyu su haɗa su bar girshi ɗaya, ya san an ji haushi amma ba a yanke shi ba.

Na ce, "Rabin me? Kai idan ka kai rabin garwa ana biyanka rabi ne? Koro ka ake yi. Wanda bai iya aiki ba ya koma gefe."

Da ƙarfi na faɗa, da Hausa, kuma Baba yana bakin ƙofar madafa. Na ɗaga kofina na kife shi a tire, ƙarƙashinsa wayam. Sauran suka dubi juna, suka janye hannuwansu daga aljihu. Ni ne mai baki a cikinsu, kuma babu mai son a ce shi ne wawan da ke biyan kuɗin ɓarna. Har Bazazzagin bai bar komai ba ranar.

Daga nan abin ya zama ɗabi'ar benci. Sabon zuwa ya zauna, a gaya masa nan ba a barin komai. Mako uku ko huɗu tiren Baba yana komawa haka. Yana gaishe ni kamar kullum, har yakan tambayi kafaɗata, don ya san ciwon sanda.

Da watan Zulƙida ya raba, na shigo na tarar da wani baƙon mutum yana kai abinci a bencinmu. Shorba ta zo da zafinta, gurasa ta zo a kan lokaci. Na ci, har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Sai da na gama na tambayi ɗaya daga cikin Larabawan ina Baba.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "An sallame shi."

Shi ya gaya mini sauran. Idanun Baba sun yi yana tun shekara biyu da suka wuce, inuwa kawai yake gani. Da murya yake gane mu, da gwiwa yake gane hanya. Su biyun suna rufa masa asiri, su ke jera masa kwanuka a tire. Shi da kansa ya roƙi a bar shi a bencin Takari, ya ce mutanensa ne, za su yi haƙuri da shi.

Na tashi na je wurin mai shago. Larabcina na kasuwa ne, amma na haɗa abin da zan iya. Na ce laifina ne, a dawo da shi, daga yau zan riƙa barin biyu. Bai ko ɗaga murya ba.

"Ya Hajji, ni ban kore shi ba. Ni tire nake dubawa. Idan 'yan uwansa ba sa son shi, wa zai so shi? Kuma yanzu na san ba ya gani. Makaho zan kai Arfa ya kai wa mutane shorba?"

Ashe da tire ya fara dawowa wayam ne mai shago ya sa masa ido, har ya gano abin da aka ɓoye masa shekara biyu.

Kwana huɗu ina nemansa tsakanin kai ruwa. Na same shi a inuwar wani bango a kan hanyar da ke gangarawa Harami, ya shimfiɗa ƙyalle da 'yan itacen asuwaki a kai. Tabarmarsa tana naɗe a bayansa, na gane a nan yake kwana. Ban ga mai saye ko ɗaya ba. Na yi sallama, ya amsa, ya karkato kai.

"Mai farar riga ne? Jan man ya hita?"

Na ce ya fita. Ƙarya na yi, har rigar ta mutu bai fita ba. Na durƙusa, na kwance duk abin da ke bakin wandona, na kama hannunsa na zuba masa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Wannan naka ne tun tuni."

Ya juya kuɗin a tafinsa, ya lalubo hannuna, ya mayar mini, ya naɗe yatsuna a kai da nasa.

"A'a ɗiyana. Da a tire ka aje shi, haƙƙina ne, ni yi aiki an biya ni. Wanga kau sadaka ta. Shekara talatin ina garin ga ban miƙa hannu ba, ba kai za ka fara koya min ba."

Na ce to zan sayi asuwakin duka. Ya yi 'yar dariya, ya ce bakina ɗaya ne. Ya zaɓo guda ya ba ni, ya karɓi kuɗin guda, ya ce in tafi kada ruwan mutane ya makara.

Bayan kamar mako uku aikin Hajji ya kwashe mu. Na yi ta jigilar ruwa a Arfa da Muzdalifa da Mina, ina cewa a raina idan na dawo zan nema masa ɗaki a wurin mutanenmu, ko da zai ƙi. Da na dawo na tarar da bangon, babu ƙyalle, babu tabarma. Na tambayi masu shaguna na kusa, wani ya ce ya ga an ɗauki wani tsoho da ya faɗi cikin zafin ranakun nan, wani ya ce ai tsofaffin da aka ɗauka suna da yawa. Na zaga Mansur gida gida. Sai a lokacin na lura ko sunansa na yanka ban sani ba, balle garinsu. Tsoho dogo mai farin gemu nake tambaya, a Makka, bayan Hajji.

Na ci gaba da zuwa shagon, don babu inda ya fi shi araha. Mutumin da aka ɗauka a madadinsa ya iya aiki, bai taɓa zubar da ko ɗigo ba. Kullum ina bar masa girshi a ƙarƙashin kofi, yana ɗaukar tiren ba ya ko dubana.