Allurar Na'ura Ta Sa Na Ci Amanar Baba Mai Alif

Edita, na daɗe ina juya wannan magana a ciki, yau dai na ce bari in fitar da ita ko na samu sauƙi. A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, ɗan wani tela da iyayensa suka zo Mubi daga ƙasar Katsina. Na yi makaranta, na samu aiki a gidan ruwa, aka kuma tura ni kwas na wata uku. Na dawo da farar riga, da biro a aljihu, da wata na'ura a cikin akwatin katako. Girman kai kuwa, ba a magana! Ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa.

Aikin na'urar shi ne auna yawan laka a cikin ruwa. Za ka zuba ruwa a 'yar kwalba ka sa a ciki, fitila ta haska, allura ta nuna lamba. Da wannan lamba nake gaya wa mai zuba alif kwano nawa zai sa a tanki don laka ta kwanta. Mai zuba alif ɗin wani dattijo ne Babarbare, muna ce masa Baba, yana wurin tun kafin a yi ƙuri'ar raba gardamar da ta haɗa yankinmu da ƙasar nan. Shi awonsa hannu ne. Zai tsoma hannu a tanki har gwiwar hannu, in bai ga farcensa sosai ba sai ya ƙara alif. Ni kuwa dariya nake masa, ina ce masa zamanin farce ya wuce.

Akwai sharaɗi ɗaya da aka koya mana. Kowace safiya sai ka fara zuba tataccen ruwa na musamman, ka daidaita allura a kan sifiri, sannan ka auna. Da damina ta kankama sai tulun tataccen ruwan nan ya ƙare, hanyar Yola kuma ta yanke, mota ba ta zuwa. Maimakon in faɗa, sai na ce ai ruwan tankinmu na ƙarshe ma mai tsabta ne, na riƙa ɗiba daga can ina daidaita allurar da shi. Ban tsaya na yi tunani ba cewa in tankin ya gurɓace, to da gurɓataccen ruwa nake koya wa na'urar abin da ake kira tsabta. Mayo, wato koginmu, ya cika ya kawo jan ruwa daga duwatsu kamar kunun kanwa, amma allurata kullum tana kwance lafiya lau.

Baba ya same ni ya ce, cikin ladabi har da kira na ɗansa, ruwan nan bai yi ba, a ƙara alif. Na ce masa na'ura ba ta ce haka ba. Ya dawo washegari, ya sake dawowa a rana ta uku. Ran nan na kama shi yana ƙara kwano biyu a bayan idona. Wayyo, zuciya! Na zazzage shi tas a gaban leburori, na kuma zauna na rubuta takardar ƙara cewa yana taɓa magani ba da izini ba. Cikin gari kuwa mata sun fara kuka da laka a gindin randa, yara a unguwarmu suna ta gudawa. Aka aiko cewa injiniya zai zo bincike, kowa kuma ya san in aka samu laifi, wani zai bar aiki.

Saura kwana biyu injiniya ya iso hanya ta buɗe, mota ta kawo sabon tulu. Na daidaita allura da ruwan gaskiya, na sa ruwan tankinmu. Allurar nan ta zabura ta haye can sama. Na sake, ta sake hayewa. Wallahi nan take na gane abin da na yi. Sati biyar ke nan ina rubuta ƙarya a littafi, mutane suna sha. Na rufe akwatin, na fito na ce wa Baba ya ninka alif, ban gaya masa dalili ba. Bai tambaye ni ba, ya ɗauki kwanonsa ya tafi.

Injiniya ya zo ya tara mu a ƙarƙashin rumfa. Ga littafina yana cewa komai daidai, ga koken mutanen gari, ga takardar ƙarar da na rubuta. Ya dube ni ya tambaye ni ko na'urar ta taɓa ba ni matsala. Baba yana tsugune gefe, hularsa a hannu, yana kallona. Na ce ba ta taɓa ba. Injiniya ya juya ga Baba ya tambaye shi ko yana da abin faɗa, ya ce shi dai ya ƙara alif, ba zai yi musu ba. Aka yanke cewa taɓa maganin da yake yi ne ya ɓata ruwan, aka sallame shi a ranar. Da zai fita ya tsaya ya yi min sallama, har da yi min addu'a, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Ya koma Sorau wajen 'yarsa yana ɗan noma. Kullum ina cewa zan je, kunya tana hana ni, har shekara huɗu. Da na je na tarar ya rasu da wata bakwai. Na zauna a ƙofar gida na gaya wa 'yarsa komai ina kuka kamar yaro. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ai sun sani. Baba ya gaya musu kullum da safe yana ganina ina ɗibar ruwan tanki da 'yar kwalba, ya kuma gane abin da ke faruwa. Ya ce shi ya tsufa, ni kuwa yanzu na fara, in ya yi magana ya kashe min rayuwa.

Na yi shekara talatin a aikin ruwa, na riƙe na'urori da suka fi waccan nesa ba kusa ba, ban sake yarda da wata allura ba sai na duba abin da aka daidaita ta da shi. Ku matasa masu aiki da na'ura, in wanda ya daɗe a wurin ya ce muku idonsa bai yarda ba, ku koma ku sake awo kafin ku buɗe masa baki. In kuma kun gano kuskuren naku ne, ku faɗa a ranar. Ni na jinkirta, na je neman gafara na tarar da kabari.