Rawanin da Ya Ɗaure Kujera

Ƙosan Luba yana ƙonewa a kasko, ita kuwa ta saki baki tana kallon wani dattijo a tashar Riruwai. Dogo ne mai farin gemu, babbar rigarsa ta sha guga. Yanzu aka sauke masa doguwar kujerar kushin daga amalanke, za a ɗora ta a motar a-kori-kura mai zuwa Tudun Wada. Kujerar ma ba wata ta a zo a gani ba ce: yadin ya koɗe, gefe ɗaya ya lotsa.

Dattijon sai kewaya kujerar yake yi. Ya kwance ƙafafunta huɗu ya zuba a aljihu. Direba ya jefo igiya, dattijon ya murza ta a yatsa ya girgiza kai.

"Wannan za ta ci yadin."

Sai kawai ya fara warware rawaninsa, a tsakiyar tasha, sanƙonsa a waje! Luba ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baba, lafiya?"

Tun da take ba ta taɓa ganin mai rawani ya tuɓe shi a bainar jama'a ba. Ko tsohon ma'aikacin haƙar kuza ne zai koma garinsu? Ko dai kan ne ya taɓu?

Bai kula ta ba. Ya naɗe kujerar da rawanin. Direba ya ɗaga ƙafa zai taka gefen da ya lotsa don ya ja ƙulli.

"Kul! Ɗana, kada ka taka nan," in ji dattijon, yana shafa wurin. "Nan marigayiya matata take zama."