Tukunyar Alewar Kubra

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Tsarnawa ya san alewar yayata Kubra. Shekara ashirin tana ja tana yankawa, direbobin motocin siminti na Malbaza har layi suke yi mata. Sai ɗiyarta Bushira, 'yar shekara goma sha huɗu, ta fara ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari. A asibitin Ƙonni anka ce ciwon sukari ne, irin mai allura kullum.

Ranar Kubra ta kife tukunya. Wai ita ta cuci ɗiyarta da hannunta, don tun yarinyar na rarrafe take lasar muciya. Mata kuma, Allah ya shirye su, sunka yi ta zuga: ɗiyar mai alewa, ai dole! Wata bakwai Kubra ba ta hura wutar alewa ba, ba ta ma iya haɗa ido da yarinyar. Ni kam abin ya ishe ni. Ranar karɓar magani na ja ta har gaban likita Abarshi, na ce ta faɗi da bakinta.

Ya bari ta gama kukanta, sannan ya ce ba haka ba ne. A cikin jini akwai 'yan tsaro masu kashe cuta. Na Bushira ne sunka rikice, sunka afka wa wurin da ke yin insulin, abin da ke daidaita sukari cikin jini, kamar kare ya ciji mai gidansa. Masu bincike, in ji shi, suna zargin wani sinadari da jiki ke fitarwa in ya sha zafi ko wuya, ko shi ne 'yan tsaron ke ɗauka baƙo. Ba a gama ganewa ba tukuna.

"Amma babu ruwan alewa, Inna. Ko ba ta taɓa lasar sukari ba, ciwon zai iya zuwa."

Sau uku Kubra ta sa ya maimaita. Sannan ya ƙara da wadda ta kusa sa ni guɗa cikin ofishin likita: in allura ta fi ƙarfin abincin da yarinya ta ci, ta fara karkarwa da zufa, zaƙi ne ke ceton ta. Kada ta fita ba alewa a jikinta.

Wallahi ko mayafi Kubra ba ta cire ba da munka isa gida. Ta birkito tukunya, ta kakkaɓe saƙar gizo, ta ce in miƙo icce. Yankan farko guda uku ta ƙulle a bakin zanen Bushira.

"Na lakwal ne, ki riƙa tafiya da shi makaranta," ta ce, tana duban ɗiyarta cikin ido.